Shu'aibu Tafinta da Ɗalibin da Ba Shi da Hoto

Duk wanda ya yi cinikin shanu a Injamena tsakanin shekarun 1990 da farkon 2000 ya san Shu'aibu Tafinta, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, kullum da rawani fari irin na mutanen Chadi a kansa da sandar gora a hannu. Aikinsa shi ne tsayawa tsakanin fataken da suka zo daga Kano ko Damagaram da Larabawa makiyaya masu koro shanu daga Durbali da Masaget. Bahaushe ya faɗi tasa, Shu'aibu ya juya ta Larabcin Chadi, Balarabe ya mayar, ya juyo ta Hausa. A tsakani kuwa idonsa na kan fuskokinsu, domin ya ce rabin ciniki a baki yake, rabi a gira.

A unguwar Ridina aka haife shi, a gidan kakansa Malam Waliyyullahi, wanda ya baro Ringim a ƙafa da niyyar aikin hajji tun Injamena ana kiranta Fort-Lamy. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, ya haifi Zakariya mahaifin Shu'aibu, ya gina ɗaki, ya ƙara wasu, har Allah ya ɗauki ransa bai ga Makka ba. Gidan na nan, ɗakuna bakwai na ƙasa da zaure, a matse tsakanin mai sayar da gawayi da wani tela.

Mutane sun shaidi Shu'aibu da gaskiya, amma sun shaide shi da wani abu kuma, wato rashin yarda. In ka gaishe shi da fara'ar da ta wuce ta jiya, sai ya wuni yana tunanin me kake nema. Wannan hali yana da tushe. A yaƙin 1980 iyalinsu sun tsallaka kogi zuwa Kusiri gudun hijira, da suka dawo suka iske wani mutum ya tare a gidansu da matarsa da awakinsa, yana riƙe da wata takarda mai hatimi wai saya ya yi. Shekara uku mahaifin Shu'aibu yana jele kafin a fitar da mutumin, bayan nan bai ƙara cikakkiyar lafiya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Tun daga lokacin Shu'aibu ba ya son takarda, ba ya son baƙon da ya cika tambaya.

Kasuwa ta yi masa kyau a shekarun casa'in. Fatake na tururuwa ta Gamboru, kowa na neman mai bakin da zai shige masa gaba. A nan ya aurar da ƙannensa mata biyu, ya yi wa zauren rufin kwano. Da wayar salula ta shigo gari, sai abu ya fara sauyawa. Samarin dillalai suka riƙa ƙulla ciniki tun shanu na hanya, kafin a zo kasuwa an gama magana. Ga shi gwiwarsa ta dama ta fara kumburi. Zuwa shekarar 2009 sau biyu kawai yake leƙa kasuwa a mako, sauran kwanakin yana zaure da butar shayinsa.

A zauren nan Zinariya ta same shi wata safiya bayan ƙaramar salla. 'Yar ƙaninsa ce marigayi, ta yi karatu a Ngawundare, ta dawo tana kula da wani shagon intanet a unguwar Ambassatna, irin wanda suke kira siber. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa goro, sannan ta ce tana da magana.

Ya dubi goron, ya dube ta. "Goro da safe haka? To, faɗi."

"Baffa, makaranta nake so mu buɗe, ni da kai."

"A ina? Gidan nan ba wuri."

"Ba a gida ba. A intanet. Larabcin Chadi za mu koya wa masu jin Hausa. Fatake, direbobi, ɗalibai masu zuwa jami'a nan. Kai za ka yi magana, in ɗauki muryarka, in rubuta a ƙasa, in sa a shafi. Mutum yana Kano ko Zinder sai ya shiga ya saurara. Ran Asabar kuma ku yi magana baki da baki."

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, Baffa."

"Wa ya ba ki shawarar?"

Ta yi dariya, ta ce kullum a shagonsu tana ganin 'yan Najeriya suna fama da mai babur a ƙofa, ba su san yadda ake cewa dama ko hagu ba. Ta ce akwai wani dandali da ake kira Fesbuk, matasa sun fara cika shi, a nan za ta yi shelar makarantar har mako shida kafin ranar buɗewa, don a buɗe daidai lokacin da fataken raguna ke shirin zuwa sayayyar layya.

Shu'aibu ya ce zai yi tunani. Tunanin ya ɗauki kwana tara. Matarsa Shatu ce ta karya shi, ta ce, "Malam, kana zaune kana koya wa ƙudaje Larabci. Yarinya ta zo da abin yi, ka ce sai ka binciki kakanninta, alhali kakanninta naka ne."

Ya yarda, amma da sharaɗi uku. Ba za a ɗauki hoton fuskarsa ba. Ba za a ambaci unguwarsu ba. Kuma duk abin da wani ya rubuta a shafin, za ta karanta masa, ba ta tsallake ko kalma ɗaya. Zinariya ta roƙe shi a kan hoton, ta ce mutane ba sa yarda da malamin da ba su gani ba. Ya ce to su ma ai bai gan su ba. A ƙarshe ta ɗauki hannunsa riƙe da sandar gora, da wani bijimi ja a baya, shi ya zama tambarin makarantar.

Haka aka fara. Da hantsi take zuwa da 'yar na'urar ɗaukar murya, su rufe ƙofar zaure saboda hayaniyar titi. Kullum kalma ɗaya take sakawa a Fesbuk, da muryarsa da fassara. Ranar farko "Kikef", wato yaya kake. Rana ta biyu "Bikam", wato nawa ne. Rana ta uku "Faddal", abin da ake ce wa baƙo in ana son ya shigo ko ya sa hannu a akushi. Ƙarƙashin kowace sai ta rubuta kwanakin da suka rage a buɗe makaranta, ta roƙi duk wanda ya gani ya tura wa abokinsa. Ta bi ƙungiyoyin ɗaliban Hausa na Maiduguri da Yamai tana liƙa sanarwa, ta aika saƙon waya ga direbobin da ke bin hanyar Kusiri.

Da yamma sai ta dawo da takardar da ta buga, ta zauna ta karanta masa abin da aka ce.

"Wannan ya ce Allah ya ƙara basira."

"Wane ne?"

"Sunansa Zakin Fama."

"Uwarsa ce ta raɗa masa?"

"Suna ne kawai na shafi, Baffa. Hotonsa ma zaki ne."

"Mutumin da ya ɓoye sunansa ya sa fuskar dabba, shi ne yake mini addu'a. Ci gaba."

Akwai mai hoton fure, akwai mai hoton mota, akwai wata da ta kira kanta Tauraruwar Arewa. Cikin mako uku mutum ɗari biyu da 'yan kai suka nuna suna so. Zinariya na murna, shi kuwa ya ce a kasuwa ma in bijimi ya yi kyau mutum ɗari ke kewaye shi, mai saye ɗaya ne, ɓarayi biyu.

Labari bai daɗe ba ya kai kasuwa. Amininsa Yunusu, mahauci mai rumfa a unguwar Gardole, ya zo har gida ya ce masa samarin tafintoci na gunaguni, wai Shu'aibu ya ci nasa ya ƙoshi, yanzu zai raba wa baƙi harshen kyauta don kada kowa ya ƙara neman tafinta. Wasu ma cewa suke wata ƙungiyar Turawa ce ta saye shi.

Abin ya sosa masa rai, amma ya ce, "Yunusu, wanda ya iya 'bikam' bai iya ciniki ba. Ka iya cewa wuƙa da Faransanci, ka zama likitan tiyata ne?"

Yunusu ya yi dariya ya ce shi dai ya isar. Amma bayan tafiyarsa Shu'aibu ya hana Zinariya saka darasin da ya yi a kan yadda makiyayi ke nuna ya kusa sallamawa. Ya ce wannan ba na shela ba ne.

A mako na huɗu ne wani mai suna Abdussamad ya fara rubutu. Shi ba zaki ba fure, inda hoto ya kamata ya kasance ba komai. Tambayoyinsa na farko na ɗalibi ne sosai. Ya tambayi bambancin gaisuwar namiji da ta mace, ya tambayi yadda ake cewa "ina neman wani". Shu'aibu har ya yaba, ya ce wannan da kunne yake saurare.

Bayan kwana biyu ya rubuto, "Malam, ko akwai Hausawa da yawa a wata unguwa da ake kira Ridina?"

Shu'aibu ya ajiye kofin shayinsa. "Kin ambaci unguwar nan?"

"Wallahi ban ambata ba, Baffa."

"To a ina ya samo ta?"

"Ridina ai ba ɓoyayya ba ce. Kowa ya san Hausawa na nan."

"Ki ce masa akwai Hausawa ko'ina a duniya."

Ta rubuta haka. Washegari ta shigo zauren, ta daɗe tana juya takardar kafin ta karanta. Abdussamad ya ce shi malamin makarantar sakandare ne a Ringim. Ya ce kakansa ya tafi hajji a ƙafa ya bar mahaifinsa yana goye, bai dawo ba. Wasiƙa ɗaya ce ta taɓa zuwa daga gare shi, daga Fort-Lamy. Sunan kakan Malam Waliyyullahi. Ya ce dalilin da ya sa yake son koyon Larabcin ke nan, yana so ya zo ya nemi inda aka binne shi, ko Malam ya taɓa jin sunan?

Shu'aibu ya ture butar shayinsa gefe.

"Rufe shi," in ji Shu'aibu.

"Me zan rufe?"

"Shafin, makarantar, duka. Yau ɗin nan."

"Baffa, saura kwana goma sha biyu. Na yi wa mutane alkawari."

"Kin yi wa zaki da fure alkawari. Ke yarinya ce, ba a haife ki ba lokacin da muka dawo muka iske ƙato a ɗakin kakarki. Shi ma da labari ya zo. Wannan ya bi ya binciko sunan kakana Malam, ya ga tsoho ya fito da hannunsa a duniya, ya ce ga gida a tsakiyar Injamena. Kin san abin da fili ya zama a Ridina yanzu?"

"To in gaskiya yake faɗa fa?"

Wannan tambayar ce ta hana shi cin tuwon rana. Ya san tun yana yaro ana cewa Malam ya baro iyali a gida, amma ba wanda ya taɓa kiran suna, kuma da aka raba gado ba wanda ya waiwayi yamma. In mutumin nan ɗan damfara ne, da sauƙi, an san maganinsa. In kuwa jikan Malam ne na gaske, to mahaifin mutumin na da haƙƙi a cikin ɗakunan nan bakwai, kuma Shu'aibu ya yi karatun da ya isa ya san haka.

Bayan la'asar ya tsaya wajen limamin masallacinsu, ya yi masa tambaya a kaikaice, wai wani abokinsa ne a Kusiri abin ya shafa. Liman ya saurara, ya ce haƙƙin magaji ba ya ruɓewa don an daɗe. Sannan ya dube shi ya ce, "Ka gaida abokin naka." Shu'aibu ya dawo gida yana zargin liman ma ya gane.

Shatu ta ce rufe shafi ba zai hana mai ƙafa zuwa ba, tunda ya riga ya san sunan unguwa. Gara a san ko wane ne tun yana nesa. Wannan magana ta shige shi, domin irin tasa ce. Ya kira Zinariya ya ce a bar makarantar, amma zai gwada mutumin.

"Ki rubuta masa, an san wani Malam Waliyyullahi, gajere, fari, mai tsagar Barebari, wanda ya yi sana'ar jima. Ki tambaye shi ko shi ne."

"Baffa, ai Malam dogo ne baƙi, kuma ɗinkin hula ya yi."

"Na sani. Maƙaryaci duk rigar da ka miƙa masa sawa yake."

Amsa ta zo bayan kwana biyu. Abdussamad ya ce bai san kamannin kakansa ba, ba wanda ya rage da ya gan shi. Amma ba ya jin shi ne, domin a gidansu ba a tsaga, kuma abin da ya ji shi ne kakan maɗinkin hula ne. Ya yi godiya, ya ce zai ci gaba da nema.

Zinariya ta ɗago tana murmushi. Shu'aibu ya ce, "Ya iya. Wanda ya shirya ai ba ya faɗawa ramin farko." Amma a ranar ya ciro takardun gidan daga ƙarƙashin katifa, ya naɗe su a leda, ya kai wa Yunusu ajiya.

Ranar buɗe makaranta ta kama Asabar. Shu'aibu ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, duk da ya san ba mai ganinsa, ya hau bayan babur zuwa Ambassatna. Karo na farko ke nan da ya shiga shagon. Ɗaki ne tsukuku, kwamfuta takwas, fanka ɗaya, samari sun duƙufa kowa da abin da yake kallo. Zinariya ta zaunar da shi a lungu, ta ɗora masa abin saurare a kan rawani, ya zame, sai da ya kwance rawanin. Ya ce ta juya na'urar da kyau ya tabbata ba ido a jikinta.

Cikin mutum ɗari biyu da suka yi ta yabo, tara ne suka shigo. Zinariya ta ji kunya, shi kuwa ya ce tara ma sun fi yadda ya zata. Akwai direban tirela daga Maiduguri, da wata ɗaliba daga Yamai, da Zakin Fama, wanda ya zamana wani mai sayar da magungunan dabbobi ne a Gashuwa, mai sanyin murya. Layin yana yankewa yana dawowa, magana na zuwa a makare. Duk da haka, da Shu'aibu ya ce "Kikef" ya ji muryoyi daga garuruwa daban-daban sun amsa masa "Afe", wato lafiya, sai da ya gyara zama. Ya manta da samarin da ke gefensa, ya shiga gyara wa direban lafazi yana buga sanda a ƙasa.

Can sai wata murya ta ce, "Malam, Abdussamad ne daga Ringim. Ina gaisuwa."

Murya ce ta magidanci, ba gaggawa a cikinta. Shu'aibu ya kasa kunne irin yadda yake yi wa mai sayar da saniyar da ake shakkar ta sata ce. Bai ji rawar murya ba, bai ji zaƙin baki ba. Hakan ma bai kwantar masa da hankali ba.

"Muna amsawa," ya ce. "Ka ce 'min wen', wato daga ina."

"Min wen."

"To. Na gaba."

Ana cikin haka wuta ta ɗauke, darasin farko ya ƙare a nan.

Mako uku ana darasi, Abdussamad bai fasa ko ɗaya ba, bai kuma ƙara tayar da maganar kakansa ba. Shirun ya fi tambayar damun Shu'aibu. A ƙarshe shi da kansa ya ce wa Zinariya, "Ki gaya masa in ya shigo gari bayan layya ya neme ni. Kada ki ce masa komai game da kakan. Kuma ba gida za ki kawo shi ba, rumfar Yunusu."

Ya zo mako biyu bayan salla, da 'yar jaka da takalmi duk ƙura. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da tabarau. Ya durƙusa ya gaida Shu'aibu da Larabcin da ya koya, ya yi kuskure ɗaya, Shu'aibu ya gyara masa. Yunusu na yankan nama yana satar kallonsu. Da aka sha shayi, Abdussamad ya ciro wata takarda da aka lulluɓe da leda, ta yi ja don tsufa, rubutun ajami ne. Shu'aibu ya karɓa ya nisanta ta da idonsa. Gaisuwa ce ga iyali, da cewa yana Fort-Lamy lafiya, in Allah ya hore guzuri zai wuce gabas, a kula masa da yaro Bakari. Hannun rubutun ya san shi. Irinsa ne a gefen tsohon littafin da ke cikin gafakar Malam a ɗakinsa, har yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa, hannu ma ana kwaikwaya. Sannan ya dubi kunnuwan baƙon, manya masu ɗan buɗewa, irin na mahaifinsa Zakariya sak, ya kau da kai.

"Bakari shi ne mahaifinka?"

"Shi ne. Ya rasu bara waccan. Har ya bar duniya yana cewa a nemo masa inda babansa yake kwance."

"Ni ɗan Zakariya ne, ɗan Waliyyullahi," in ji Shu'aibu, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

Abdussamad ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Yunusu ya ajiye wuƙa ya ce Allahu akbar. Shu'aibu kuwa yana kallon yatsun mutumin ne, ko zai ga yana leƙe ta tsakaninsu.

Washegari ya kai shi tsohuwar maƙabarta. Ba alama, ƙasa ta shafe komai, sai dai ya nuna masa sashen da mahaifinsa ya taɓa nuna masa. Suka yi addu'a a tsaye. Daga nan ba yadda zai yi, ya kai shi gida. Shatu ta yi dambu da miyar kuɓewa busasshiya, ta riƙa kiransa ƙanin miji tun kafin ya zauna. Zinariya ta ɗauke su hoto, Shu'aibu ya juya gefe.

Bayan cin abinci Abdussamad ya tashi yana zaga tsakar gida, yana shafa bango.

"Yaya, duk wannan Malam ne ya gina?"

Ga maganar gadon nan ta zo, Shu'aibu ya ce a ransa.

"Uku ya gina. Sauran mahaifina ne da ni."

"Wanne ne nasa?"

Ya nuna masa. Abdussamad ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya leƙa, ya ce, "Ɗan ƙarami."

Kwana huɗu ya yi. Kowace safiya Shu'aibu na jiran maganar, ba ta zo ba. Ranar tafiya ya raka shi tashar motocin Kusiri. Suna tsaye direba na ɗaure kaya, sai Shu'aibu ya ji bakinsa ya riga shi.

"Ka san mahaifinka na da rabo a gidan nan."

Abdussamad ya ce, "Na sani, Yaya. Mu goma sha ɗaya ne a wajen Baba. Ni dai ba shi ya kawo ni ba. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na san zuciyar sauran ba. Zan gaya musu abin da na gani."

Mota ta tashi. Shu'aibu ya tsaya da sandarsa yana juya maganar. Goma sha ɗaya. Da ya ce ya yafe, da ya san ƙarya ce. Da ya ce a raba, da ya san inda aka dosa. Wannan kuwa ba ta kama nan ba, ba ta kama can ba.

Makarantar ta yi wata goma sha huɗu. Ɗalibai ba su taɓa wuce ashirin ba, amma direban Maiduguri ya zo har zaure da buhun gero, kuma samarin tafintoci sun daina gunaguni da suka ga ba abin da ya ragu a kasuwarsu. An rufe ta ne da Zinariya ta samu aiki a Abeshe, ba wanda zai riƙa ɗaukar murya. Takardun gida sun shekara biyu a wajen Yunusu kafin Shu'aibu ya karɓo su.

Daga Ringim ba wanda ya zo neman komai, ba kuma wanda ya aiko cewa ya yafe. Abdussamad na bugo waya kowace salla, su gaisa, ya ba matarsa su gaisa da Shatu. Wata shekara ya ce babbar yayarsu na son zuwa ganin gida in ta samu lafiya. Shu'aibu ya ce Allah ya kawo ta, ƙofa a buɗe take. Da ya ajiye wayar sai ya kira Shatu.

"Ganin gida ya ce, ko ganin mutanen gida?"

"Malam, ban ji ba, ina wajen tukunya."

"Gida ya ce. Na ji da kunnena."

Shatu ta ce to, ko ma me ya ce, sai a share ɗakin Malam a sa sabuwar tabarma, tsohuwa ce mai zuwa. Ya ce a share. Da yamma ya aika aka kira magini ya dubi rufin ɗakin, domin damina ta kusa kuma yana yoyo ta kusurwar gabas.